Garkar lakwal da abincin ƴan koleji

Yaro in ya ci jarrabawar firamare, sau da yawa sai ya bar ƙauye ya tafi koleji a gari, wajen mai masauki. Shekara 4 zai yi. Can ne cikinsa ke shan wahala: garin rogo da sukari da safe, garin rogo da rana. Ciki ya cika, amma jiki bai samu kome ba. Yaro ya riƙa gyangyaɗi cikin aji, a ce rago ne.

Shi ya sa darasin abinci yake da muhimmanci a koleji. Malamin kimiyya yana nuna wa yara aikin kowane abinci. Hatsi da dawa suna ba da ƙarfi. Wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, nono da ƙwai suna gina jiki. Ganye da ƴaƴan itace suna tsare shi daga cuta. Tuwo kaɗai bai isa ba.

Dundumi, wato rashin gani da magariba, rashin bitamin A ke kawo shi. Maganinsa yana cikin zogala, karoti, kabewa da mangwaro. Maƙoƙo kuwa, gishiri mai iyod ke hana shi. Ƴan mata sun fi samari fama da ƙarancin jini, saboda al'adar wata. Wake, hanta da ganye suna taimaka musu, musamman in an matsa lemun tsami. Shayi bayan abinci yana rage wannan amfani. Masu son shayi su ɗan jinkirta.

Darasin allo ba ya shiga kamar na garka. Inda lakwal ke da rijiya, yara suna shuka zogala, tumatir da yakuwa, su zuba takin dabbobi. Suna koyon shanya ganye a inuwa, don rana tana ƙone amfaninsa. Ana nuna musu dalilin barin gawo a gona: da damina yake zubar da ganye, ba ya tsare wa hatsi rana, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Sassaben zamani, da aka fara a jihar Maraɗi cikin 1983, ya maido da itatuwa a gonaki masu yawa.

Sauran aiki na iyaye ne. Da kaka, manomi yakan sayar da wakensa duka, ya bar gida da hatsi zalla. In za a aika wa ɗan koleji guzuri, a haɗa da tiya ɗaya ta wake, da ƙuli-ƙuli, da garin kuka.