Hayar Gida a Garin Haƙar Zinare: Aibin da Ido Ba Ya Gani

Duk inda labarin zinare ya ɓulla, jama'a kan kwarara, ƙauye ya cika, kuɗin haya ya tashi. Magidancin da ya taho da iyalinsa neman halali yakan duba rufi da rijiya da makewayi, sannan ya biya. Tambayar da ba kasafai muke yi ba ita ce: wace sana'a aka yi a tsakar gidan nan kafin mu shigo?

Abin da ya faru a Zamfara ya isa wa'azi. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, inda yara kimanin 400 suka rasu. Duwatsun da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuwa daka su da niƙa su a cikin gidaje. Ƙurar ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe, suna kai hannu baki. Shara ba ta kawar da ita. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani, in ya koma gurɓataccen gida, gubar takan sake shiga jininsa. A 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

A fiƙihunmu na Malikiyya, haya sayar da amfani ce, don haka dole a san kuɗin, a san wa'adin, a kuma san gidan. Amfanin gidan zama kuwa shi ne a zauna lafiya. Mai gidan da ya san an niƙa dutse a gidansa ya yi shiru ya ɓoye aibi, kuma Imam Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya tsawatar wa mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Idan aibin ya hana amfanin da aka biya dominsa, ɗan haya yana da damar warware yarjejeniyar. Dillali ma ba shi da uzuri idan ya sani.

Ɗan haya shi ma amana ke hannunsa. Wanda ya karɓi gida don zama, ya mayar da shi maniƙa, ya ƙetare sharaɗi, ya cutar da 'ya'yansa, da maƙwabta, da iyalin da za su shigo bayansa. Matsugunin da shari'a ta wajabta wa miji ga matarsa bai cika ba idan mahallaka ce, komai arahar hayarsa.

Saboda haka mu tambayi maƙwabta da mai unguwa tarihin gida kafin mu biya. Mu rubuta yarjejeniya gaban shaidu, mu sanya sharaɗin ba daka, ba niƙa, ba ajiyar buhunan dutse a ciki. Mai aikin rami ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Idan yaro ya fara amai, kasala ko jijjiga, a garzaya asibiti. Allah Ya azurta mu da halali, Ya tsare mana zuri'armu.