Goya, Mai Zanen Fada Da Ya Koma Zana Dodanni

A ƙasar Haɗeja har yau dattawa ba su daina ba da labarin yaƙin shekarar 1906 ba, lokacin da rundunar Turawan Ingila ta faɗa wa birnin, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan fadawansa da mayaƙa masu yawa. Baki da kunne ne suka adana wannan tarihi. A ƙasar Sifen kuwa, sa'ad da irin wannan masifa ta auka wa birnin Madrid, an sami wani mutum da ya adana ta da fenti da allunan tagulla. Sunansa Francisco Goya.

An haifi Goya ran 30 ga Maris, 1746, a ƙauyen Fuendetodos kusa da birnin Saragosa. Ubansa mai sana'ar shafa ruwan zinariya ne. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon zane wurin wani gwani, José Luzán. Sau biyu ya shiga gasar babbar makarantar zane ta Madrid, a 1763 da 1766, duka bai yi nasara ba. Bai karaya ba, ya tafi Italiya ya ƙaro ilmi. A 1775 ya sami aiki a Madrid, yana zana hotunan da masaƙan sarki ke kwaikwaya su saƙa dardumar ado ta bango. Hotunan nan na nishaɗi ne: samari da 'yan mata, kasuwa, farauta da wasanni. Likafa ta yi ta gaba, har a 1789 Sarki Carlos na Huɗu ya naɗa shi mai zanen fada.

Ana cikin haka, a ƙarshen 1792, wata cuta mai tsanani ta kwantar da shi. Ya tashi, amma ya kurmance har iyakar ransa. Tun daga nan hannunsa ya sake. A 1799 ya fitar da hotuna 80 cike da mayu, da jemagu, da jakuna masu sanye da tufafin malamai da likitoci. Ba don tsoratar da yara ya yi su ba. Camfi da jahilci da cin amanar manya yake yi wa zambo. Ba a daɗe ba ya janye su daga kasuwa, don gudun fushin hukumar coci.

A 1808 sojojin Faransa na Nafoliyon suka mamaye Sifen. Ran 2 ga Mayu mutanen Madrid suka yi bore, kashegari aka tattara waɗanda aka kama aka harbe. A 1814 Goya ya zana wannan dare: sojoji sun jeru sun ba da baya, ba a ganin fuskokinsu, ga wani talaka cikin farar riga ya ɗaga hannuwa sama, gawawwaki a gabansa. Tsakanin 1810 da 1820 kuma ya sassaƙa hotuna 82 a kan allunan tagulla, masu nuna kisa da rataya da yunwar da ta gallabi Madrid a 1811 da 1812. Abin lura shi ne bai rufa wa kowane ɓangare asiri ba. Ya nuna ta'asar baƙi, ya kuma nuna ta 'yan ƙasarsa. Ba a buga hotunan ba sai a 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa.

A 1819, yana tsoho kurma, matarsa ta riga ta mutu tun 1812, ya sayi gida a bayan gari ya kaɗaita. A jikin bangon ɗakunan gidan ya zana hotuna 14 da ake kira Baƙaƙen Zane. Wanda ya fi shahara shi ne na wani ƙato daga tatsuniyoyin Romawa, Saturn, idanu a zazzare, yana cin ɗansa don tsoron kada ya ƙwace masa mulki. Akwai kuma maza biyu da ke sheƙa wa juna kulake, da taron mayu a gaban baƙin bunsuru, da kan wani kare shi kaɗai yana duban sama. Ba wanda ya sa shi aikin, ba wanda ya biya shi, bai kuwa yi don a gani ba.

Da mulkin Sarki Fernando na Bakwai ya tsananta wa masu neman sauyi, Goya ya yi ƙaura zuwa Bordo ta Faransa a 1824. Can ya mutu ran 16 ga Afrilu, 1828, yana da shekara 82. Daga 1874 aka fara ɓamɓaro hotunan daga bango ana ɗora su a kan ƙyalle, yanzu suna gidan tarihi na Prado a Madrid. Masu zuwa kallo sukan yi tsammanin ganin aljannu, amma wanda ya tsaya ya duba da kyau zai tarar yawancin fuskokin da ke ba shi tsoro na 'yan Adam ne.