Kunfu: Ƙafar Arewa, Hannun Kudu

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan Caina zai ɗauka kunfu abu guda ne: a yi ihu, a daka tsalle, a zubar da ƙarti goma. A ƙasar Sin kuwa salon faɗan ya kai ɗaruruwa, kowanne da garin da ya fito da malaman da suka gaje shi.

Sinawa kan raba su gida biyu. Na arewa sun fi ba ƙafa ƙarfi, da doguwar shura da faɗin taku. Can ne gidan ibadar Shaolin yake, a lardin Henan, wanda aka gina a 495. Akwai rubutun dutse na 728 da ke shaida cewa sufayen gidan sun mara wa Li Shimin baya a yaƙi a 621, kafin ya hau sarautar Sin. Shi kuwa labarin cewa wani malami daga Indiya, Bodhidharma, ne ya koya musu faɗa, sai bayan ɗaruruwan shekaru ya ɓullo, kuma masana tarihi ba su yarda da shi ba. A arewan ne ma Musulmin ƙabilar Hui suka raya nasu salon, irin su Chaquan.

Mutanen kudu da hannu suke aiki. Ɗauki Wing Chun: ba tsalle, ba juyi. Mutum zai matso har ku ji numfashin juna, gwiwar hannunsa a maƙale a gaban ƙirji, yana sakin gajerun naushi a miƙe, ɗaya na bin ɗaya. Ɗalibai biyu kan haɗa damatsa su yi ta murzawa, don hannu ya koyi jin motsin abokin karawa tun ido bai gani ba. In babu aboki, ga gunkin katako mai hannu uku. Wannan salon ne Ip Man na garin Foshan ya koyar a Hong Kong bayan 1949, kuma cikin almajiransa har da Bruce Lee.

Sai Taici, wanda tsofaffi ke yi da sassafe a lambunan birni, a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa. Asalinsa faɗa ne, daga ƙauyen Chen a ƙarni na 17, amma yau yawanci don lafiya ake yi, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2020.

To, duk wannan na yin amfani in an zo dambe na gaske? A 2017 wani ɗan faɗan zamani, Xu Xiaodong, ya kara da wani malamin Taici a Chengdu, ya kai shi ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Hayaniya ta tashi, aka zarge shi da cin mutuncin al'ada. A ganina laifin ba nasa ba ne; malamin ne ya shiga fage da atisayen da ba a mayar masa da naushi. Masu son karawa ta gaske a Sin wani wasa da ake kira Sanda suke yi, inda ake naushi da shura da kaye, a kan dandamali, da safar hannu da alƙalin wasa.