Makullin wasannin bidiyo: wa ake kullewa, ɓarawo ko mai saye?

An san garin Matameye, babban birnin gundumar Kance a jahar Damagaram, da rake da kayan lambu na fadamun Korama, da kuma hanyar da ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Najeriya, ta wuce Daura har Kano. Ta wannan hanya kaya iri-iri suke shigowa garin tun zamanin kakanni: da can yadi da goro, daga baya rediyo da kaset, yau kuma salula da injinan wasa. Duk wanda ya zaga unguwanni da maraice, a nan ko a Magarya ko a Zinder, zai tarar da rumfa ko ɗan shago inda aka ajiye tele da injin PlayStation. Samari sun yi cincirindo, biyu suna buga ƙwallon ƙafa a kan allo, saura suna jiran layi, kowa da ƴan dalolinsa a hannu.

Wannan sana'a ce, tana ciyar da mai ita, tana kuma ɗebe wa yara kewa. Amma a cikin injin da faifan akwai wani abu da yawancin masu wasa ba su gani, wato makullin da kamfani ya sanya domin hana kwafi. Ya kamata iyaye da masu shaguna da ma'aikatan hukuma su san yadda makullin nan yake aiki, domin sau da yawa nauyinsa ba a kan ɓarawo yake faɗawa ba.

Dalilin makulli

Kamfanonin da suke ƙera wasanni ba su sanya makulli don wasa ba. Babban wasa guda yakan ci shekaru ana aikinsa, da ɗaruruwan ma'aikata: masu zane, masu kiɗa, masu rubuta labari, masu tsara lissafin inji. Kwafinsa kuwa ba ya cin ko sa'a guda.

Mutanen ƙasar Hausa ba sai an ba su labarin ɓarnar satar fasaha ba, gani ya kori ji. A 1990 aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, daga nan finafinan Hausa suka bunƙasa, kaset da faifai suka cika kasuwannin Maraɗi da Zinder da Matameye. Sai masu buga na jabu suka shigo, bayansu kuma masu tura fim a katin memwar da ƴan kuɗi kaɗan. Kafin a ankara kasuwar faifai ta durƙushe, masu shirya fim da yawa suka koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Wanda ya zuba dukiyarsa bai ga riba ba, wanda bai zuba ko dala ba shi ya kwashe.

Saboda haka doka ta tsaya wa mai fasaha. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, a ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977 da aka sabunta a 1999 da 2015, wadda ta sanya tsare-tsaren kwamfuta cikin ayyukan da ake karewa. A cikin gida kuma akwai ofishin BNDA, da aka kafa a 1995 domin kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta da sauran masu fasaha. Kare gumin mutum wajibi ne, babu jayayya a kan wannan. Inda maganar take shi ne irin makullin da aka zaɓa.

Daga faifai zuwa rezo

Makullin farko a jikin faifai yake. A injin PlayStation na farko, kamfanin Sony ya ɓoye wata alama a kusa da tsakiyar faifan, wadda injin kwafi na gida ba ya iya rubutawa. Idan injin wasa bai ga alamar ba, sai ya ƙi tashi. Alamar nan kuma tana raba duniya shiyya-shiyya: faifan Japan ba ya aiki a injin Turai, na Turai ba ya aiki a na Amurka. Ke nan ɗan kasuwar da ya sayo inji daga wannan ƙasa, ya sayo faifai na gaskiya daga waccan, yana iya tarar da kayansa biyu sun ƙi juna, alhali bai saci komai ba.

Masu gyaran rediyo ba su daɗe ba suka gano magani. Sukan liƙa wa injin wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ake kira «pis», wanda yake ruɗin injin ya karɓi kowane faifai. Haka aka yi wa PlayStation 2, wanda ya fito a 2000, aka kuma sayar da fiye da miliyan 150 nasa a duniya. Da yake injin yana da juriya, kuma ba ya neman komai sai wuta da tele, shi ya sa ya daɗe a rumfunan Afirka ta Yamma bayan an daina yayinsa a Turai.

Da kamfanoni suka ga an karya makullin faifai, sai suka mayar da shi cikin intanet. Yanzu wasa yakan nemi izini daga babban injin kamfani, can a Turai ko Amurka, kafin ya buɗe. Wani sau ɗaya yake nema, wani lokaci-lokaci, wani kuma ba ya aiki sam sai rezo yana nan daga farko har ƙarshe.

Abin da ya sami masu saye

A 2008 kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar da wasan Spore da makulli mai suna SecuROM. Wanda ya saya ba shi da ikon ɗora wasan a kan kwamfuta fiye da sau uku. Masu saye suka fusata, cikin ƴan kwanaki fiye da mutum 2,000 suka ba wasan mafi ƙanƙantar maki a shagon Amazon. Kamfanin ya ƙara adadin zuwa biyar. Duk da makullin, ƙididdigar mujallar TorrentFreak ta nuna cewa Spore ne wasan kwamfuta da aka fi sata a shekarar, kusan sau miliyan 1.7.

A 2010 kamfanin Ubisoft na Faransa ya tilasta wa masu wasan Assassin's Creed II a kwamfuta su kasance a kan intanet koyaushe. A watan Maris na shekarar injinan kamfanin suka tsaya, waɗanda suka biya kuɗinsu suka zauna suna kallon allo. A 2012 kamfanin ya sanar cewa ya bar wannan tsari. A 2013 kuma Microsoft ya ce sabon injinsa Xbox One zai riƙa neman izini sau ɗaya a kowace sa'a 24. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye maganar a watan Yuni, tun kafin injin ya shiga kasuwa.

Akwai kuma makullin Denuvo, wanda wani kamfani na ƙasar Ostiriya ya fito da shi a 2014, wasan ƙwallo na FIFA 15 yana cikin na farko da suka ɗauke shi. Masu wasa sun daɗe suna kukan cewa yana nauyaya inji. A 2021 masu gwaji na Digital Foundry suka auna wasan Resident Evil Village, suka tarar wanda aka fasa wa makullai ya fi na gaskiya tafiya sumul, har kamfanin Capcom ya fitar da gyara. A duk waɗannan misalai abu ɗaya ne yake maimaituwa: da zarar an fasa makulli, mai kwafin sata ya huta da shi, mai saye na halal kuwa yana nan yana fama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Makin masu sharhi

Kafin wasa ya fito, kamfani yakan aika wa ƴan jarida su gwada, su rubuta sharhi, su ba da maki. Da wannan maki mutane da yawa suke yanke shawarar saye. To, amma mai sharhi yana gwaji ne kafin taron jama'a ya hau kan injinan kamfani, a ofis mai wuta da rezo mai ƙarfi.

Wasan SimCity na watan Maris 2013 ya tona wannan rauni. Mujallar Polygon ta ba shi maki 9.5 cikin 10. Da wasan ya fito, injinan kamfanin suka kasa ɗaukar jama'a, mutane suka yi ta jira ba su shiga ba. Mujallar ta rage makin zuwa 8, sannan zuwa 4. Sai bayan shekara guda aka ba da damar yin wasan ba tare da intanet ba. Wani lokaci ma abin da aka gwada daban ne da abin da aka sayar: a watan Oktoba 2023, an ƙara wa Assassin's Creed Mirage makullin Denuvo ne a gyaran ranar fitowa, bayan masu sharhi sun gama rubutunsu.

Su ma masu saye idan suka huce haushinsu da zuba ƙaramin maki, sukan haɗa laifin makulli da na wasan, mai karatu ya kasa bambance ko wasan ne ba shi da daɗi ko ƙofarsa ce ta ƙi buɗuwa. Sharhin kirki shi ne wanda ya faɗi abu biyu dabam-dabam: yadda wasan yake, da kuma sharuɗɗan da aka ɗaura masa.

Yadda abin ya shafi Matameye

Idan mazaunin Paris ya yi kukan makullin intanet, ina ga mazaunin Matameye? Wutar da Nigelec take rabawa a wannan yanki, mai yawa daga cikinta daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba a maido ta ba sai a watan Maris 2024. A cikin wannan wata na Maris ɗin kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma suka yi kwanaki cikin ƙarancin rezo. Mai shago yana iya tayar da ɗan injin wuta ko ya kafa faranti mai aiki da hasken rana. Rezo kuwa ba a ajiye shi a batir. Tsohon injinsa zai ci gaba da aiki, sabon wasa mai tsada da ya saya da guminsa zai tsaya cik.

Haɗari na biyu shi ne ranar da kamfani ya gaji. A ƙarshen watan Maris 2024 Ubisoft ya kashe injinan wasan tseren motoci The Crew, wanda ya fito a 2014. Daga ranar, har wanda yake riƙe da faifai na gaskiya ba ya iya buɗe shi. Wannan ya haifar da wani gangami a Turai mai suna Stop Killing Games, wanda a 2025 ya tara sa hannun fiye da mutum miliyan ɗaya, ana neman doka ta hana kamfani kashe abin da ya riga ya sayar.

Ba dole ne a bi wannan hanya ba. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya buɗe shagon GOG a 2008, inda ake sayar da wasanni ba makulli. Wasansa The Witcher 3 na 2015 ya fito a haka, kuma an sayi miliyoyinsa. Wannan darasi ne ga matasan Afirka da suka fara shiga sana'ar, irin su Kiro'o Games na Kamaru da suka fitar da wasan Aurion a 2016: mai saye yakan biya idan farashi daidai ƙarfinsa ne, kuma kayan suna aiki a inda yake zaune.

Abin lura

Mai shago ko uba da zai saya wa ɗansa wasa, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya tambayi abu uku kafin ya miƙa kuɗi. Shin wasan yana tashi ba tare da intanet ba? Sau nawa, kuma a kan inji nawa, aka yarda a ɗora shi? Idan kamfani ya rufe injinansa, wasan zai ci gaba da aiki? Amsar ta farko galibi tana rubuce a bayan kwali da ƙananan baƙaƙe, cikin Faransanci ko Ingilishi. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya san darajar karanta takarda kafin a sa hannu. Idan harshen ya gagare shi, ya nemi malamin makaranta ya fassara masa. Ya kuma guji wasannin da aka fasa ana turawa a kwamfuta ko salula, domin ban da saɓa doka, sau da yawa sukan zo da cutar inji mai satar bayanai.

Ma'aikatan da aka ɗora wa kula da kasuwanci da al'adu da matasa su ma suna da aiki. Kamar yadda ake tsaya wa mai fasaha a kan ɓarawon aikinsa, haka ya dace a tsaya wa mai saye: a wajabta wa mai shigo da kaya ya bayyana sharuɗɗan makulli a fili, cikin harshen da mai saye yake ji, kafin a ƙulla ciniki. Saurayin Matameye da ya tara kuɗin rakensa ya sayi kaya na halal, ya cancanci kayan su yi masa aiki ko da rezo ya ɗauke.