Gina Tulluwa a Manhajar Hammer ta Tsara Fagen Wasan Kwamfuta

Wannan maƙala ta dubi wata matsala da masu tsara fagen wasannin kwamfuta suka daɗe suna fama da ita, wato yadda ake gina tulluwa a manhajar da ba ta san lanƙwasa ba. An ɗauki Hammer a matsayin misali. Asalinta wata manhaja ce mai suna Worldcraft, wadda Ben Morris ya ƙirƙira domin wasan Quake na shekarar 1996, daga baya kamfanin Valve na Amurka ya mallake ta, ya gina fagagen Half-Life (1998) da ita. Tun da kalmomin fannin ba su zauna a Hausa ba tukuna, an yi amfani da "tubali" a nan domin dunƙulen da ake gini da shi, "raga" kuma domin layukan awo da ke kan allon zane.

Tushen matsalar yana cikin ma'anar tubalin kansa. A tsarin da Hammer ta gada daga Quake, ba a adana tubali a matsayin jerin kusurwoyi. Abin da ake adanawa shi ne fuskokinsa, kowace fuska kuwa shimfiɗa ce miƙaƙƙiya wadda ɗigo uku ke tantancewa, sai tubalin ya zama sararin da fuskokin suka killace. Sharuɗɗa biyu suka biyo baya. Dole kowace fuska ta kasance a miƙe sarai, kuma dole tubalin ya zama marar rami ko lotsawa, ta yadda layin da aka ja tsakanin kowane ɗigo biyu na cikinsa ba zai fita waje ba. Tulluwa kuwa, idan an dube ta daga ciki, rami ce gaba ɗayanta, kamar ƙwarya a kife. Saboda haka tubali ɗaya ba zai taɓa zama tulluwa ba, sai dai a harhaɗa ta daga gutsattsari.

Wanda ya san ginin gargajiya ba zai ji wannan baƙo ba. Maginin Hausa yana ɗaura bakan gizo ne da azara, ita kuwa azara miƙaƙƙiya ce. Gajeru yake jerawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har bakan ya haɗe a sama, kamar yadda ake gani a Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na ƙarni na 19. Bambancin shi ne magini yana da yaɓe da zai ɓoye gaɓoɓin, mai Hammer kuwa lissafi yake fuskanta.

Sabon shiga yakan bi gajeriyar hanya: ya zana ƙwallo, ya rarake cikinta da wata ƙaramar ƙwallo, ya yanke rabi. Manhajar za ta amsa masa, amma abin da za ta haifar tarin siraran tubala ne masu kusurwoyin da ba su faɗa kan raga ba, waɗanda gyaransu ya fi sake ginin wuya. Shi ya sa ƙwararru ke hana amfani da kayan rarakar a kan duk wani abu mai zagaye.

Hanyar da ta fi aminci ita ce ta jera zobba. A ɗauka ana son tulluwa mai awo 256 daga tsakiya zuwa gefe, mai ɓangare 16 a kewaye da hawa huɗu. Tubali 64 ke nan. Idan ana son rabin ƙwallo sosai, zobe na biyu zai kasance da awo kusan 236.5 a tsayin 98, na uku 181 a tsayin 181, na huɗu 98 a tsayin 236.5, sannan a rufe a ƙololuwa. A takarda, kowace fuska mai kusurwa huɗu da ke tsakanin zobe biyu a miƙe take, domin gefenta na sama da na ƙasa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. A nan ne gizo ke saƙa. Waɗannan alƙaluma ba cikakku ba ne, kuma da zarar an ja kusurwoyin zuwa mahaɗar raga mafi kusa, sai ɗigo na huɗu ya kauce daga shimfiɗar da ukun farko suka tantance. Kaucewar ba ta kai a gan ta da ido ba, amma ta isa manhajar ta ƙi tubalin, ko kuma ta gyara shi da kanta sa'ad da aka sake buɗe aikin, a wayi gari da tsaga a rufi.

Ana iya raba kowace fuska gida biyu ta zama mai kusurwa uku, tun da ɗigo uku ba sa taɓa saɓa wa shimfiɗa, sai dai yawan tubalan zai ninka, ga shi injin Source na da iyakar tubali 8,192 a fage guda. Dabarar da ta fi burge mai wannan rubutu ita ce ta haƙura da cikakkiyar da'ira tun farko. Ana zana zobe mai ɓangare 12 wanda gefunansa ke tafiya a miƙe, ko kuma da karkatar ɗaya bisa biyu da biyu bisa ɗaya. Karkatar ɗaya bisa biyu digiri 26.6 ce maimakon 30, amma idon ɗan wasa da ke gudu ba ya auna wannan, kuma kowace kusurwa ta zauna kan raga. Daga nan sai a gina rubu'i ɗaya kawai, a kwafe shi, a juya da digiri 90 har sau uku, domin irin wannan juyi ne ba ya fitar da kusurwa daga raga.

Ko an gama ginin, da sauran rina a kaba. Kafin a buga wasa, manhajar VBSP tana yanyanka sararin fage zuwa ƙananan ɗakuna bisa fuskokin tubala, sannan VVIS ta lissafa wane ɗaki ke hangen wane. Tulluwa mai fuskoki masu yawa takan farfasa sararin, lissafin da bai kamata ya daɗe ba ya ja sa'o'i. Maganin shi ne a sanya ta cikin rukunin tubalan ado, waɗanda ba a yanka sarari da su. To, amma tubalin ado ba ya toshe fage daga fanko na waje, don haka dole a kife mata wani akwati mai sauƙi daga sama, in ba haka ba fagen zai yi yoyo, lissafin hange ya rushe.

Quake III Arena ya zo da shimfiɗu masu lanƙwasa a 1999, Hammer ta injin Source 2 kuma ta koma gini da saƙar fuskoki kai tsaye. Amma masu gina sababbin fagage domin Quake da manhajar TrenchBroom har yanzu da tubali suke aiki, suna ƙirga ɗaya bisa biyu a kan raga.