An ƙi ɗaukar ɗanka a jami'a: wa zai gaya maka dalili?

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Maris zuwa farkon Afrilu, manyan jami'o'in Amurka kan aika wa masu neman gurbin karatu amsa. Galibi wasiƙar ƙin karɓa gajera ce: an gode, masu nema sun yi yawa, gurabe kaɗan ne. Uban da ya biya kuɗin dosiye, da na fassara takardun BAC zuwa Ingilishi, da na jarrabawar harshe, dole ya tambaya: mene ne ya rage wa yaron? Amsar tana da muhimmanci, domin da ita za a san ko a sake gwadawa baɗi ko a nemi wata hanya.

Gaskiyar magana, dokar Amurka ba ta tilasta wa jami'a ta faɗi dalilinta ba. Akwai wata doka ta 1974 da ake kira FERPA, wadda ta ba ɗalibi damar ganin dosiyensa cikin kwana 45 bayan ya nema. Amma wanda aka ɗauka ya kuma shiga makarantar shi kaɗai ta shafa. Wanda aka ƙi ba shi da wannan haƙƙi. A Janairun 2015 wasu ɗaliban jami'ar Stanford suka bayyana wa ƴan uwansu yadda ake amfani da dokar, jama'a da yawa suka je suka karanta abin da masu tantancewa suka rubuta a kansu. Ke nan wanda ya fi bukatar bayani shi ne aka rufe wa ƙofa.

Abin da ofisoshin ba su faɗa wa kowa ba, kotu ce ta tono shi. A shari'ar da aka yi da jami'ar Harvard a birnin Boston cikin 2018, an ga cewa masu karanta dosiye suna ba kowane yaro lamba daga 1 zuwa 6 a kan karatu, da ayyukan da yake yi bayan aji, da wasanni, da kuma halinsa, sa'an nan kwamiti ya zauna ya yanke shawara. A 2022, mutum 61,220 suka nemi shiga Harvard, aka ɗauki 1,954, wato wajen 3 cikin 100. Inda gurabe suka yi ƙaranci haka, dubban yaran da ba su da wani aibi ne ake mayarwa gida. Rashin samu ba shaida ba ce cewa yaro daƙiƙi ne.

Akwai kuma wani dalili da ba safai ake rubuta shi a wasiƙa ba, shi ne kuɗi. Yawancin jami'o'in Amurka suna duba ƙarfin aljihun uwaye kafin su ɗauki baƙo mai neman tallafi. Ƙalilan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton da MIT, suke tantance baƙi ba tare da duba wannan ba. Saboda haka yaro daga Maraɗi ko Damagaram yana iya cika kowane sharaɗi na karatu, amma takardar banki ta kā da shi.

A Faransa lamarin ya sha bamban. Tun da aka kafa tsarin Parcoursup a 2018, ɗalibin da aka ƙi ta wannan hanya yana da wata guda ya rubuta wa shugaban makarantar, ya nemi a gaya masa ma'aunin da aka bi da dalilan da suka sa ba a ɗauke shi ba. A ranar 3 ga Afrilun 2020 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ƙara da cewa wajibi ne makarantu su wallafa ƙa'idojin da suka yi aiki da su bayan an ƙare tantancewa. Wanda ya bar watan ya wuce, ya yi asarar damarsa.

To, me ya kamata a yi game da Amurka? Da farko, yaron da kansa ya rubuta, ba ubansa ba, domin ofisoshin sun fi sauraren mai dosiye. Na biyu, ya yi tambayar da za a iya amsawa: shin takardunsa sun iso cikakku? Shin ana karɓar sabuwar bukata baɗi, ko shigowa daga wata jami'a bayan shekara guda? Na uku, idan an sa shi a jerin masu jira, ya aika gajerar wasiƙa ya nuna yana nan kan bakansa, haɗe da sabon sakamakonsa. Bayan 1 ga Mayu ne ake sanin guraben da suka saura. Ɗaukaka ƙara kuwa, inda ma an yarda da ita, sai da sabuwar hujja ko kuskure bayyananne a lissafin maki.

Idan ofis ya yi shiru, kada a zauna jiran gawon shanu. A kai dosiyen wurin malamin lise da ya san yaron, ya karanta shi da idon baƙo. Badi kuma kada a tura bukata wuri guda: a haɗa manyan jami'o'i da matsakaita, a kuma yi rajista a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ɗaya daga cikin na jihohi, don kada shekara ta tafi a banza.