Babban Babur Da Tafiyar Sannu

Wanda bai gwada ba zai yi mamaki, amma babban babur ya fi wuyar sarrafawa a ƙofar ofis bisa ga kan titin Kaduna zuwa Zariya. Malami ko akawun da ya shekara goma yana hawan ƙaramin babur irin Bajaj Boxer, mai nauyin kilo ɗari da 'yan kai, ran da ya hau mai kilo 200 ko fiye sai ya iske ashe sabon karatu ne. A guje ba ya jin nauyin kome. Sai ya zo juyawa a ƙuntataccen wuri, ko tsayawa cikin cunkoson kasuwa, sa'an nan babur ya karkata, ya rinjaye shi, su zube gaban jama'a.

Ga dalili. Sa'ad da babur ke gudu, shi ke daidaita kansa: in ya karkata hagu, tayar gaba takan ɗan juya hagu ta tallafe shi, ba da sanin mahayi ba. In tafiya ta koma kamar ta mai ƙafa, wannan taimako ya ragu ƙwarai. Mai ƙaramin babur ya saba ya sa ƙafa ƙasa ya tokare. Babba kuwa, in ya karkata da yawa, ko ƙato ne ba ya tare shi, sai dai ya jawo wa kansa targaɗe. Masu ƙera babura ma sun san haka. Kamfanin Honda ya fito da Gold Wing a 1975, da nauyinsa ya yi ta ƙaruwa har ya haura kilo 350, sai suka sa masa giyar baya a 1988.

To, in ba ƙarfi ba, mene ne ke riƙe shi? Jan inji ne da birkin baya. Mahayi ya sa giya ta ɗaya, ya ba da wuta kaɗan, ya tsaya a kan haka, kada ya riƙa ƙarawa yana ragewa. Sa'an nan ya saki kuloci rabi, watau daidai wurin da ya ji babur ya soma ja, ya ɗora ƙafar dama a kan birkin baya yana dannawa sannu sannu. Inji na ja, birki na riƙewa, sai babur ya miƙe tsaye kamar ingarman da aka ja wa linzami. In ya ji zai faɗi cikin kwana, maganinsa ya ƙara sakin kuloci kaɗan, jan zai tashe shi. Yawancin mutane kishiyar haka suke yi, su damƙe kuloci don tsoro, nan take babur ya zama mataccen kaya.

Birkin gaba fa, a kiyaye shi. Shi ne mai ƙarfi wajen tsai da babur a guje, amma wanda ya matse shi alhali kan babur yana juye, ya kira faɗuwa da hannunsa. A kan yashi ko tsakuwa abin ya fi muni. In za a tsaya, a miƙe kan babur tukuna, a sauke ƙafar hagu, ta dama tana kan birki.

Ido kuma yana da nasa aiki. Inda mutum ya duba, can babur ke nufa. Mai kallon kwata, kwata zai faɗa. A juya kai gaba ɗaya a dubi inda ake so a fita. A nemi fili, kamar na makaranta bayan an tashi, a jera duwatsu biyu a yi ta kewaya su dama da hagu, ana matso da su kaɗan kaɗan, ba da goyo ba, da hular kwano a ka.

Wajen ajiyewa, in wuri gangare ne a fuskantar da shi tudu, a bar shi cikin giya. In ƙasa mai laushi ce, a sa faffaɗan dutse ko katako ƙarƙashin ƙafar da ake kafe shi. In kuwa ya riga ya faɗi, a kashe inji, a tabbata yana cikin giya, a juya masa baya a jingina ƙugu da sirdi, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya a ƙarfen baya, a tura da ƙafafu taki taki har ya miƙe.